Jwan ɗin kolektar da ya ƙi zama: labarin wata tsohuwar Land Cruiser a Tahoua

Motar da aikin da take yi

Motar dai Toyota Land Cruiser ce bashe, wato mai buɗaɗɗen baya na ɗaukar kaya, tsohuwar nan FJ45 ƙirar 1982, injinta 2F mai shan esans, silinda shida a jere, lita 4.2. Tun 1975 Toyota ta fara fitar da wannan inji, kuma duk wanda ya yi mu'amala da shi ya san ba shi da gudu amma akwai ja, ga shi ba wasu kayan lantarki da za su sa ka ciwon kai, karbirato ne da delko mai raba wa buji wuta da buji shida, shi kenan. Mai motar wani Alhaji ne ɗan kasuwa a cikin garin Tahoua na ƙasar Nijar, ba shi ke tuƙi ba, yana da direba da yaron mota. Aikinta cin kasuwanni wajen Keita da Tamaske da Bouza da Badagishiri, ta tafi da siminti da sukari da shinkafa ta dawo da albasa ko wake ko awaki, mutane kuma a saman kaya. Yawancin hanyoyin da take bi jar ƙasa ce mai gargada, ga duwatsun Adar.

Sai an san yadda aka gina wurin kafin a gane abin da ya biyo baya. A injin 2F kolektar, wato bututun ƙarfe mai rassa zuwa bakin silinda, biyu ne a gefe ɗaya na kilas, wato kan injin da ke rufe silinda: na shigar da mai da iska da na fitar da hayaƙi. Na shiga alminiyom ne, na fita kuwa baƙin ƙarfe ne na zubi, an ɗaure su da juna a ƙarƙashin karbirato, kuma jwan, wato faifan da ke toshe kafa tsakanin ƙarfe biyu, guda ɗaya dogo ne ke tsakaninsu da kilas. A wurare da dama noti ɗaya da rondel ɗaya, wato zoben ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin noti, ke danne kunnen wannan da kunnen wancan tare. Sannan a cikin na hayaƙin, daidai ƙarƙashin karbirato, akwai wani ɗan murfi mai juyawa da ke tura hayaƙi mai zafi ya ɗuma gindin kolektar na shiga in inji yana da sanyi, in ya yi zafi ya kauce.

Nuwamba 2023: ƙarar asuba

Da sanyi ya fara shigowa direba ya lura in ya tada mota bayan sallar asuba akwai wata ƙara tas-tas-tas da ke bin bugun inji, in ya taka totur ta ƙara sauri, bayan kamar minti goma kuma ta ɓace kamar ba a yi ba. Ya kai wa makanikin da ya saba duba motar, shi kuma ya ce sufaf ne, wato ƙarafan da ke buɗe bakin silinda su rufe, ya bari inji ya yi zafi ya buɗe murfin sama ya daidaita su, tazarar na shiga milimita 0.20, na fita 0.35 kamar yadda ake yi wa 2F. Washegari da asuba ƙara na nan daram.

Yaron mota ne ya fara ganin alamar, yana zuba ruwa a radiyato ya hango wani baƙin zane na kunkunniya a jikin kilas can baya, wajen silinda na 6, kusa da bangon da ya raba inji da mazaunin direba. Makaniki ya kai hannu kusa da wurin inji na aiki da sanyi, ya ji iska na bugun tafin hannunsa. Ya ce jwan ya ƙone. Ɓacewar ƙarar in inji ya yi zafi ma ta dace da haka, don ƙarfe in ya ɗau zafi yana buɗewa ya toshe 'yar kafar.

Disamba 2023 zuwa Janairu 2024: jwan na farko da na biyu

Lokacin iyakar Nijar da Najeriya a rufe take. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO (ECOWAS), kayan gyara da aka saba samowa daga Sakkwato ta Ƙonni sai ta daji suke shigowa, da tsada, kuma abin da ka samu shi za ka ɗauka. Aka samo jwan a wani shago jika shida, wato sefa dubu shida, ba suna a jikin ledar. Makaniki ya kwance kolektar biyun a haɗe, ya kankare tsohon jwan da wuƙa, ya sa sabo ya ɗaure da hannu yana bi daga gaba zuwa baya. Mota ta yi shiru mako uku, sai ƙarar ta dawo a wuri ɗaya.

Kowa ya ce jwan ɗin ne jabu. A watan Janairu makaniki ya ce gara ya yanka da kansa, ya sayo faifan jwan mai kauri irin wanda ake sayarwa a shimfiɗe, ya ɗora a fuskar kolektar yana bubbuga gefen ramukan da ƙaramar guduma har siffar ta fito. Aikin hannu ne mai kyau, amma faifan ba shi da ƙarfe a ciki, ko mako biyu bai cika ba wuta ta cinye shi a bakin silinda na 6 ta yi hanya. A bari na ɗan ratse: tsofaffin faifan nan da yawa akwai amiyant (asbestos) a ciki, ƙurarsa na lalata huhu, kuma sai ka ga yara a garaji na kankare shi a bushe suna hura wa da baki. A jiƙa shi da ruwa kafin a kankare.

Fabrairu 2024: jwan biyu, silikon, da bututu a kan kile

Nan aka shiga dabaru. Aka haɗa jwan biyu aka shafe su da jan silikon ciki da waje. Jan silikon iyakarsa wajen digiri 300, shi kuwa hayaƙin da ke fitowa daga bakin silinda in mota na jan kaya a hawa yana wuce 600 cikin sauƙi, don haka kwana kaɗan ya zama toka. Da ƙara ta dawo direba bai koma garaji ba, ya ɗauki kile, wato sufana, ya zura masa bututu ya hau ƙara ɗaure notin baya a tashar Keita, inji da zafinsa. Gujon na ƙarshe, wato ƙarfe mai haƙora da ke kafe a kilas wanda noti ke hawa, ya karye daidai da fuskar kilas.

Mai walda ya ɗora noti a kan guntun ya cika shi da walda, ya bari ya huce ya juyo shi waje, wannan kam ya fita lafiya. Sai dai ba a samu gujon irinsa ba, aka sa wani bulon da aka tsinto a cikin kwandon tarkacen garaji, haƙoransa sun shiga, ya ɗauru tamau. Ba wanda ya sake waiwayarsa.

Maris 2024: makaniki na biyu

Cikin azumi Alhaji ya gaji ya canza garaji. Makaniki na biyu ya kalli kolektar ya ce ya lanƙwashe, kuma ya ce zai miƙar da fuskar. Ya raba na hayaƙi da na shiga, ya ɗauki injin gurza ƙarfe na hannu ya bi fuskar na hayaƙin yana ci yana dubawa da ido, bayan nan ya goga ta a kan siminti da yashi. Na alminiyom bai taɓa shi ba tunda a cewarsa lafiyarsa lau. Ya maida su ya ɗaure da juna a ƙasa, sannan ya ɗaga ya ɗora.

Ƙarshen watan aka buɗe iyaka da Najeriya, Alhaji ya aika Sakkwato aka kawo jwan mai kyau mai ƙarfe a fuska, jika goma sha biyar har da kuɗin aike. Shi aka sa. Wannan karon ko mako ba a yi ba, kuma yanzu wuri biyu ke hurawa, baya da gaba, sannan ga sabon abu: in mota na tsaye inji na rawa yana neman mutuwa sai an ja shok kaɗan. Direba ya ce wa Alhaji, "Alhaji, wallahi motag ga sammu anka yi mata." Alhaji ya ce masa ya je ya yi lodi.

Afrilu 2024: an ajiye mota

Bayan ƙaramar sallah zafi ya haura digiri 40 kullum, direba ya fara kukan ciwon kai duk ranar da ya yi doguwar tafiya, yana cewa rana ce. Ranar wata kasuwa a hanyar dawowa daga Bouza yaron mota da ke zaune a gaba ya fara jiri ya yi amai, da aka fito da shi ya sha iska sai ya dawo daidai. Bangon gaban motar duk ramuka ne inda robobin waya suka zube, ƙasan ma ya huje wajen feda, hayaƙin da ke fita a silinda na 6 kai tsaye ciki yake shigowa. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙin mota ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri da amai su ne alamunta na farko. Ma'aikacin asibitin da aka kai yaron ya faɗa wa Alhaji haka ƙarara. Ga kuma tiyon esans da ke zuwa karbirato ya bushe ya yi tauri saboda wutar da ke bugunsa. Aka ajiye mota a ƙofar gida aka cire batir.

Ƙarshen Afrilu: ranar awo

Wani abokin Alhaji ya haɗa shi da wani dattijon makaniki da ya daɗe yana aiki a garajin wani furoje kafin ya bari. Ya zo da jakarsa a bayan babur, abin da ya fara fitarwa doguwar rula ce ta ƙarfe a naɗe cikin tsumma, da 'yan siraran ƙarafan awo irin na sufaf.

Bai kwance komai ba tukuna. Ya sa aka turo motar wurin mai faci, inji da sanyi, ya cusa tiyon iska a bakin bututun hayaƙi na baya ya toshe gefen da tsumma, ya ce a saki iska kaɗan-kaɗan, shi kuma ya kaɗa omo a gwangwani yana yayyafawa a layin jwan da tsinken tsintsiya. Kumfa ta tashi a baya har tana zubowa ƙasa, ta tashi a gaba kaɗan, tsakiya shiru. Jikin kolektar kansa ba inda ya yi kumfa, wato ba tsagewa ta waje. Sannan ya ce a kwance.

Da aka sauke ya wanke fuskar kilas da esans ya ɗora rula a tsaye da a karkace, ƙarfen awo na 0.05 bai shiga ko'ina ba, kilas lafiya lau. Ya juya kan kolektar biyun a haɗe yadda aka sauke su. Rula ta zauna a kan fuskokin alminiyom, ta bar na hayaƙi a ƙasa: a bakin baya ƙarafan awo har milimita 1.3 suka shige, a gaba 0.7, kuma fuskar duk kwari da tudu inda injin gurza ya bi. Fuskar na shiga ɗin ma ɓangare ɗaya ya ɗan ɗaga saboda yadda aka ɗaure su a ƙasa ba a kan abu miƙaƙƙe ba. Ya auna kaurin kunnuwan da ke raba noti ɗaya, na hayaƙi sun fi na alminiyom siranta da kusan milimita ɗaya. Ya ɗauko rondel ɗaya ya miƙa wa Alhaji, gefe ɗaya ya yi ƙyalli ya lotsa, ɗaya gefen baƙi ƙirin da kunkunniya.

"Alhaji dibi nan. Wanga gefe shi ka aiki, wanga ko taɓa ƙarhe bai yi ba."

Ya ci gaba. Ramukan ƙarshe na kolektar, gaba da baya, gefensu na waje ya goge yana ƙyalli inda gujon ke gurzarsa. Bulon ɗin nan na Fabrairu da ya zaro, bakinsa ya daku ya yi sheƙi, ya zura waya a ramin ya gwada da tsawon bulon, ashe ya fi ramin tsawo, yana kai wa ƙasa ya tsaya kafin kansa ya danne komai. Ɗan murfin zafi na ƙarƙashin karbirato ya ci tsatsa ya ƙage a wurin da yake tura wuta sama. Daga nan ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashin mota, ya daɗe, ya fito yana kaɗe riga. Robobin da ke rataye bututun hayaƙi babu ko ɗaya, wani mai walda can baya ya kama bututun gaba da guntun rodi ya like shi a jikin shasi, kuma robar da inji ke zaune a kai ta gefe ɗaya ta rabu biyu.

Alhaji ya ce, "To Malam, mi za a yi?" Ya ce kolektar zai je Yamai, sauran a nan za a yi.

Mayu 2024: Yamai

Ana buƙatar injin da zai share fuska mai tsawon inji silinda shida a shiga ɗaya, shi dattijon kuma akwai mai injin da ya yarda da aikinsa a Yamai. Kafin a aika ya raba kolektar biyun ya jiƙa gindin na alminiyom da kananzir, ya goge, ya shafa alli a ɗaya gefen ya ajiye a rana, in akwai tsaga kananzir zai biyo ta ya ɓata allin. Wurin nan sananne ne da tsagewa a 2F in murfin zafi ya ƙage. Alli ya zauna fari. Ya kwance murfin da man birki da bugu a hankali, ya juya shi wurin da hayaƙi ke wucewa kai tsaye ya kafe shi a nan, ya ce a zafin Tahoua ba abin da zai ɗuma. Ya sa sabon jwan tsakanin su biyun, ya ɗora su a jikin kilas ba jwan ya ɗan kama su don su daidaita, sannan ya ɗaure su da juna tamau a wurin, ya sauke. Aka naɗe cikin buhu aka ba motar fasinja, kilomita wajen 550 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, da takarda a ciki: a share su tare, kar a raba.

Mai injin ya ci kusan milimita ɗaya da rabi kafin fuskar ta fito fes daga wannan baki zuwa wancan. Sannan ya juya bayan kunnuwan ya share mazaunin rondel har kaurin kowane biyu da ke raba noti ya zo ɗaya. Wannan aikin na biyu shi ne wanda ake yawan mantawa, kuma sai da dattijon ya kira shi a waya ya jaddada. Ɗan Alhaji da ke karatu a Yamai ya zaga kasuwar kayan mota ya samo gujon sababbi da notinsu da rondel masu kauri, da jwan mai ƙarfe, da robar zaman inji. Sharewa jika talatin, kaya da aike suka ci kusan arba'in.

Ƙarshen Mayu: ɗaurawa

Dattijon ya fara da ramukan kilas, ya bi kowanne da abin gyaran haƙori ya hure dattin da iska, ya sa gujon sababbi duka har da inda aka sa bulon. Ya ɗauki zagayayyen magagari ya ɗan faɗaɗa ramukan ƙarshe na kolektar ta gefen waje, kamar milimita ɗaya da rabi kowanne, har ya zama kolektar na shiga kan gujon da hannu ba bugu ba dannawa. Jwan a bushe ya sa shi, ba silikon ba giris. Da makanikin farko, wanda ya zo kallo, ya miƙo tubin silikon, sai ya ce masa ya ajiye wa famfon ruwa.

Ɗauri kuwa da kile mai awo ya yi, aro aka yi, daga tsakiya yana fita gaba da baya bi da bi, zagaye uku, kowane zagaye yana ƙara ƙarfi har ya kai abin da littafin injin ya ce. Bai taɓa notin da ke haɗa kolektar biyun ba tunda a haka aka share su. Aka yanke rodin nan da aka like a shasi, aka canza robar zaman inji, aka yanko maratayi daga tsohuwar taya aka rataye bututu wuri uku yadda zai iya lilo kaɗan. Bututun gaba shi aka haɗa a ƙarshe, kuma sai da aka ɗan gasa shi aka lanƙwasa har bakinsa ya zo daidai da na kolektar da kansa, ba a jawo shi da noti ba. Aka canza tiyon esans, aka toshe ramukan bango da na ƙasa da roba da guntun langa-langa.

Da aka tada inji shiru, rawar nan ta tsaye ma ta tafi ba a taɓa karbirato ba. Amma dattijon bai tattara kaya ba, ya fito da fitilar duba wuta ya haska ɗan tagar da ke jikin gidan fulawul. A 2F akwai alama a nan da ke nuna digiri 7 kafin fiston ya kai sama, a nan ya kamata wuta ta tashi. Alamar ba ta ma bayyana a tagar ba, wuta na tashi ne bayan fiston ya wuce sama. Da aka tambayi direba sai ya tuna bara an sha wani man bumburutu inji ya riƙa ƙara a hawa, wani ya juya masa delko da kunne har ƙarar ta daina. Aka buɗe delko, ƙarafan ciki da ke gaggauta wuta in inji ya ɗau gudu sun ƙage da ƙura da busasshen giris. Aka wanke aka sa mai aka daidaita. Ya auna matsin silinda kuma, biyar suna tsakanin 9 da 9.5, na 6 yana 7.5.

Aka bar inji ya yi zafi sosai, aka kashe aka bar shi ya kwana. Da safe ya bi notin da kile mai awo, kusan duka sun karɓi ƙari, na baya har kusan kwata na juyi. Ya sake bi bayan mako ɗaya, suka ɗan motsa. Bayan kilomita 1000 ba wanda ya motsa.

Yuni zuwa Oktoba 2024

Mota ta yi jigilar raguna na layya a watan Yuni da lodi fiye da ƙima kamar kullum, ta shiga damina mai ruwa da yawa, ta sha laka da ƙoramu a watan Agusta. A Oktoba aka sake gwajin kumfa, ba ko ɗigo, layin jwan ba baƙi. Direba ya daina ciwon kai. Shan mai a lissafin Alhaji, da lodi, ya sauko daga wajen lita 27 a kilomita 100 zuwa 22, ga shi a watan Yuli gwamnati ta rage litar esans daga 540 zuwa 499, sai abin ya zo masa biyu. Abu ɗaya da direba ya yi ƙorafi, da sanyin safiya mota na ɗan tari minti biyu uku kafin ta daidaita, saboda murfin zafin da aka kafe.

Abin da ya sa waɗancan suka faɗi, wannan ya zauna

A ganina ba jwan ko ɗaya da ya yi laifi a labarin nan, har da na jika shidan. Jwan cike 'yar ƙaramar kafa yake yi tsakanin fuska biyu da suka riga suka haɗu, ba ya cike milimita guda, kuma in ba a danne shi ba wuta za ta bi ta kansa ko daga ina aka sayo shi. Shaida ita ce mafi tsada a cikinsu shi ya fi saurin mutuwa. Rufe iyaka ya ba kowa amsa mai sauƙi, kaya jabu ne, sai aka yi wata biyar ba wanda ya ɗora rula.

Asalin ciwon zafi ne. Baƙin ƙarfe na ƙaruwa kamar kashi ɗaya cikin dubu ɗari na tsawonsa a kowane digiri, kilas ruwa na riƙe shi kusa da digiri 90, kolektar kuwa ba mai sanyaya shi, in ya fi kilas da digiri 500 a tsawon da ya haura rabin mita, milimita uku kenan yake son ya miƙe, kullum, ya dawo in ya huce. Shekara arba'in ana haka ƙarfe na gajiya, ya lanƙwashe ya kuma ɗan tsuke, shi ya sa ramukan ƙarshe suka matse gujon. Wutar da aka maida baya ta ƙara tsananta abin, don in wuta ta makara mai bai gama ci ba sufaf ke buɗewa, ragowar ya ƙare ci a cikin kolektar. Ina kyautata zaton juya delkon nan na bara shi ya tunzura abin da ya daɗe yana jira. Sannan inji na rawa a kan karyayyar roba, bututu kuma an kafe shi a shasi, to duk gargadar hanyar Keita a wuyan kolektar take ƙarewa.

Makaniki na biyu shi ya fi kowa kusa da gaskiya kuma shi ya fi kowa ɓarna. Ya gane fuskar ta lanƙwashe, amma ya ci ɗaya ya bar ɗaya, rondel ya zama kamar tukunya a kan murhun da dutse ɗaya ya fi sauran tsawo, duk ƙarfin noti na tafiya kan alminiyom, na hayaƙi na lilo a ƙasa. Ɗaure su da ya yi a ƙasa kuma ya buɗe wa na shiga kafa yana shan iska, daga nan rawar inji ta fito. Bututun da direba ya zura wa kile da bulon mai tsawo duk abu ɗaya suka nuna, jin tauri a hannu ba shi ne dannewa ba. Ban ga laifin makanikin farko sosai ba, a yawancin motoci canza jwan ya isa, kuma ba shi da rular da zai gwada, amma dawowar ƙara a wuri ɗaya bayan mako uku ya isa ya sa a tsaya a tambaya.

Ba zan iya ware abu ɗaya cikin gyaran Mayu in ce shi kaɗai ya yi aikin ba tunda tare aka yi su. In dole ne in jera, sharewa tare da daidaita kunnuwa su suka tsayar da hurawar, gyaran wuta da ratayen bututu su za su hana ta dawowa, sake ɗauri da sanyi kuma shi ya kare sabon jwan a makonsa na farko lokacin da yake lotsawa. Kuɗin da aka kashe tun Disamba a jwan da silikon da ladan garaji, ban da kasuwannin da aka rasa, ya kusa kai na zuwa Yamai.

Saura silinda na 6. Dattijon na zargin sufaf ɗin hayaƙinsa ya fara ƙonewa, ya ce a sauke kilas a gyara mazauninsa kafin ya huje. Alhaji ya ce sai an gama kwasar wake. An riga an sayi jwan na ajiya yana rataye a shagonsa, don ranar da aka sauke kilas dole a sa sabo, kuma an gaya wa direba ko da wasa kar ya bari wani ya raba kolektar biyun nan.